Taswirar da Baba Ya Bari

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan an idar da sallar isha'i, 'yata ta fari ta zo ta zauna a bakin tabarmata, waya a hannunta. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta Uwata. Ta kammala jami'a tana jiran a kira su bautar ƙasa, zaman gida ya ishe ta. Ta ce, "Abba, tafiyar nan da kake ba mu labarinta tun muna ƙanana, me zai hana mu yi ta kafin a tura ni wani wuri?" Sai ta miƙo mini wayar. Ashe ta riga ta tsara komai. Ga wani shuɗin layi ya taso daga Kano ya gangara Jos, ya leƙa magangarar ruwan Assop, ya juyo ta Bauchi ya shiga Yankari, sannan ya miƙe gabas ya karkata kudu har tsaunin Mambila. A kowane zango an nuna yawan kilomita da sa'o'in da za a yi, har da kuɗin ɗakin kwana.

Na daɗe ina kallon layin nan. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Uwata, hanyar fa, kin tambaya ko lafiya?" Sai da maganar ta fita na ji ta baƙuwa a kunnena. Mahaifina ya bi da mu rabin wannan hanya a mota, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa wannan tambaya da ma'anar da nake nufi ba. In ya ce wa direba "Yaya hanya?" to ramuka yake nufi, ko gadar da ruwa ya cinye.

Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe adakar da muke ajiye takardunsa tun bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. A ƙarƙashin takardun fansho na tarar da ita: taswirar hanyoyin Nijeriya da ya saya a wani gidan mai, irin wadda yanzu ko ka zaga gidajen mai na Kano duka ba za ka samu ba. Takardar ta yi jaja-jaja, ta tsage a wuraren ninki an liƙe da salatif, tana ƙanshin kafur. Jihohi 19 ne a jikinta. Babu Jigawa, babu Taraba, babu Gombe, Gongola kuwa tana nan da faɗinta. Muka shimfiɗa ta a kan tabarma kusa da wayar, muka haska da fitila.

Baba ya bi hanyar da fensir, kusan daidai da shuɗin layin Uwata. Bambancin yana cikin abin da ya rubuta a gefe. Kusa da Tudun Wada ya sa "Kawu, a tsaya azahar." Kusa da Saminaka, "mai faci, bayan tasha." A Jos, "abokin aiki, a kai masa kilishi." A Bauchi, "gidan Gwaggo, kwana biyu, a cika tanki, babu mai a gaba." Fensirin ya ci gaba da tafiya ta Gombe da Numan da Jalingo da Bali, yana ƙara dishewa, har ya kai Gembu. A can bai rubuta komai ba sai kalma ɗaya: "Wa?" Wato wa muka sani a can? Da yake bai sami amsa ba, ba mu je ba.

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma bai saba tashi takanas don kallon dutse ko ruwa ba. Kakanninmu sun bi ayari zuwa Gwanja sayo goro, sun tafi gabas neman karatu, sun fita ci-rani, wasu sun taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan suna yin shekaru a hanya. Sun ga duwatsu da ƙoramun da mu sai a hoto, amma a wajensu kallon nan gyara ne da ake ɗora wa mai saye a kan mudu. Ainihin cinikin shi ne mutumin da za a je wa. Ko a zamanin Baba, in ka ce za ka ƙona mai don ka je ka ga ruwa yana zubowa daga dutse, sai dattawa su dube ka sau biyu. Shi ya sa ko da ya ƙudurta kai mu Yankari a ƙarshen shekarun 1980, abin da ya gaya wa kakarmu shi ne za mu je gaida Gwaggo a Bauchi. Gaskiya ya faɗa, zumunta a ƙafa take. Giwayen ne gyaran.

Malamin gona ne, kuma da rancen mota ya sayi Fijo 504 fara, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a lokacin. Shirin tafiyar ya ci mako guda. Aka kai motar gareji, bakanike ya wanke kafireto, ya sauya filogi, ya ba Baba fanbel guda ya ajiye a but don ko-ta-kwana. Aka duba safaya da jak, aka cika jarka biyu, ɗaya fetur ɗaya ruwan lagireto. A cikin gida kuwa Inna ta kwana biyu a kan guzuri. Har yau in na ji ƙamshin dambun nama yana soyuwa, daren nan nake tunawa: turmi yana amsawa a tsakar gida, kaji biyu suna tsane mai a kwando, cincin a cikin gwangwanin madara, dakuwa a ƙulle cikin leda. Baba ya aika wasiƙa Jos da Bauchi tun mako biyu kafin nan ta hannun direbobin tasha. Da asuba kakarmu ta fito da carbi a hannu, ta dafa kan kowannenmu, ta ce Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Baba ya karanta addu'ar hawa abin hawa muna amsawa, sannan ya murɗa makulli.

Daga Kwanar Dangora muka karya zuwa Tudun Wada, muka ci tuwon Kawu, muka yi sallar ƙasaru. Bayan nan sai gonaki suka fara ja da baya, itatuwa suka fara haɗa kai, muka shiga dajin Falgore. Baba ya rage gudu, ya sauke gilas. Yana tuƙi yana nuna mana da baki: wancan maje ne, wancan kawo, ga marke, ga kaɗanya can ta yi kaca-kaca. A tsakiyar dajin ya gangara gefen titi ya kashe mota, don kawai mu ji shirun wurin. Sai kukan tsuntsaye da ƙarar injin yana hucewa. Wasu birai suka tsallaka kwalta a jere, uwa ɗauke da ɗanta a ciki. Wani Bafulatani ya ɓullo da sanda a kafaɗa, suka gaisa da Baba kamar sun san juna, ya tambaye mu ko mota ce ta lalace. Da aka ce a'a, hutawa muke yi, ya yi murmushi ya wuce. Yau duk direban da ya san hanyar nan zai gaya maka ba a tsayawa a Falgore. Shekaru da dama dajin ya yi suna da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har aka girke sojoji a ciki. Ko lokacin da abin ya lafa, ƙafar direba ba ta sauka daga kan totur sai ya ga gari.

Hawan Jos shi ne karo na farko da na san ƙasa tana da bene. Bayan Saminaka da Jengre motar ta fara nishi, kunnuwana suka toshe, iska ta sauya ɗanɗano. Garin yana sama da teku da kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,800. Ga manyan duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwansu kore shar, ga shingen ƙerana kewaye da gonakin acca. Abokin aikin Baba mutumin Birom ne, Kirista. Ya tarbe mu a ƙofar gida da rigar sanyi a jikinsa, ya rungume Baba yana kiran sa da sunan da suke tsokanar juna tun suna makarantar koyon aikin gona. Matarsa ta dafa mana gwaten acca da dankalin Turawa, ta gaya wa Inna cewa kazar wani Malam ta kai wa ya yanka. Da magariba ta yi, shi da kansa ya kawo buta da ruwan ɗumi, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya nuna mana gabas. Washegari ya kai mu gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, muka ga kawunan yumɓu na mutanen Nok.

Shi ne kuma ya raka mu Assop, a gindin Hawan Kibo, inda tudun Jos yake karyewa ya gangara kudu. Tun kafin a ga ruwan ake jin rurinsa. Muka bi wata siririyar hanya cikin duhuwar itatuwa, duwatsu suna santsi, sai ga shi fari fat yana dukan baƙin dutse, feshinsa yana sauka a fuska kamar yayyafi. Ni ɗan Kano ne, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufi da na famfo. Ban taɓa zaton akwai ruwan da yake zuba dare da rana ba mai tara ko bokiti ba. Inna ta tsaya riƙe da bakin mayafinta, ba abin da take maimaitawa sai tasbihi. Baba ya ce mana malamai sun ce duban halitta da tunani a kanta ibada ne. A nan na fara gane cewa gaida Gwaggo ba shi kaɗai ya fito da shi daga gida ba.

Daga Jos muka gangara ta Toro da Nabordo, dutsen Zaranda yana tsaye a gefe, muka shiga Bauchi da yamma. Gwaggo ta cika mu da masa da miyar taushe, muka ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan a rana ta uku muka kama hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa Yankari. An keɓe dajin ne a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da sassafe aka ɗora mu a bayan wata buɗaɗɗiyar mota tare da ma'aikacin daji mai bindiga, aka nufi kogin Gaji. Muka ga gwanki da kanki da gwambaza, muka ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a tsaye, ga ɓauna sun yi cirko-cirko suna kallon mu. Can sai direba ya kashe mota, ma'aikacin ya ɗora yatsa a leɓe. Reshe ya karye a hagu. Giwaye suka fito ɗaya bayan ɗaya, jikinsu ya yi ja da ƙasa, ƙanana a tsakiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabba mai wannan girma tana taka ƙasa ba a jin sawunta. Da rana muka sauka matakala zuwa Wikki, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Muna cikin wanka wani gwaggon biri ya ɗauke ledar dakuwar Inna ya haye bishiya da ita.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma zan zalunci Uwata in na bar ta da zaton cewa zamanin nan namu madara ce zalla. A hanyar dawowa fanbel ya tsinke, aka sa na ajiya, can gaba kuma lagireto ya fara yoyo tsakanin Ningi da Birnin Kudu. Muka kwana a gefen titi, sauro ya yi mana rubdugu, ƙanwata tana zazzaɓi, babu yadda za a yi a sanar da kowa. Kakarmu ta kwana a zaure tana jiran ƙarar mota. A wancan zamani in matafiyi ya yi hatsari, sai a kwana biyu ko uku kafin labari ya iso gida, wani lokaci ma sai an riga an binne shi. Ba kowa ke ɗaura bel ba, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sai a 1988 aka kafa ta. Ban da haka, mu 'yan gata ne. Litar fetur ba ta kai naira ɗaya ba, amma a layinmu gidaje biyu ne kawai ke da mota. Yayyena mata biyu ba a je da su ba, aka ce sun girma, su zauna su taya kaka aiki. Ɗayarsu ta rasu ba ta taɓa ganin giwa ba. Sannan taswirar da aka gina a kan mutane tana da iyaka: inda ba ka san kowa ba, nan duniyarka ta tsaya. "Wa?" ɗin da Baba ya rubuta a Gembu ita ta hana shi ganin wurin da ya fi ko'ina burge shi a labari.

Ni na je, shekaru da yawa bayan haka, a motar haya, aiki ya kai ni. Daga Jalingo aka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Titi yana nannaɗe da jikin dutse, kwana bayan kwana, direba ba ya barin giya ta ɗaya da ta biyu, in ka leƙa taga sai ka hango saman itatuwa a ƙasa da kai. Fasinjoji kowa ya yi tsit sai salati. Da muka ƙare hawan sai duniya ta buɗe: tuddai kore shar suna bin juna har iyakar gani, babu ƙaya babu ƙura, shanu jajaye masu dogayen ƙaho suna kiwo cikin hazo, itatuwan zaiti a jere, gonakin shayi na Kakara kamar an shimfiɗa darduma. A Nguroje na sayi rigar sanyi a watan da Kano take fama da zafi. Na sauka a Gembu ban san kowa ba. Wani mai shayi a tasha ya ji Hausata ya tambaye ni daga ina, ya haɗa ni da wani dattijo mai shago wanda kakansa ya zo daga Kano fatauci. Kafin isha'i na sami ɗaki da bargo biyu da tuwon masara. A daren na yi ta tunanin Baba. Da ya zo, da ya tarar amsar tambayarsa tana jiran sa a tasha.

Wayar hannu ta shigo a 2001, kuma a watan Satumbar shekarar ne rikicin Jos ya ɓarke. Abubuwan nan biyu, kowanne ta fuskarsa, su suka sauya yadda muke shirya tafiya. Tun daga lokacin garin ya rabu unguwa-unguwa, Musulmi da Kirista kowa ya san inda ba ya kwana, matafiyi kuma ya koyi tambayar ta wace hanya zai ratsa gari. An tare matafiya a hanya an kashe su don sunansu ko addininsu, kuma kowane ɓangare yana da gawar da yake kuka a kanta. Daga baya garkuwa da mutane ta zo ta mai da daji abin tsoro. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka keɓe don namun daji, ya koma wurin da ake ambata in ana labarin 'yan bindiga. Sai kuma tsada. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Malamin gona na yau, mai matsayin da Baba yake a lokacin, albashinsa na wata ba zai kai shi Gembu ya dawo da shi ba.

Duk da haka, da na karɓi wayar Uwata na duba da kyau, na ga abubuwan da Baba zai yi murna da su. Tana iya sanin inda titi ya lalace kafin mu isa. In mota ta tsaya, kira ɗaya ne a san inda muke. Ba sai mun ɗinke kuɗi a cikin lalita ba, akwai taransifa, akwai mai POS a kowace tasha. Ta nuna mini hotunan samari da 'yan mata, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, da suke haɗa kuɗi su ɗauki bas su tafi Yankari ko Mambila ko magangarar Gurara, su hau duwatsun Shere da jakunkuna a baya. Yaran nan sun san sunayen wuraren ƙasarsu fiye da yadda muka sani a shekarunsu, kuma ba sa jin kunyar cewa kallo ya kai su. Babbar riba a wajena ita ce wadda ke zaune a gabana: 'ya mace ce ta tsara tafiyar, kuma ba wanda ya ce ta zauna ta taya kaka aiki.

Abin da wayar ba ta da shi shi ne abin da ke gefen taswirar Baba. Shuɗin layi hanya mafi sauri yake nema, bai san akwai Kawu a Tudun Wada ba. Yana kai ka otal, ka biya, ka kulle ƙofa, ka tashi da safe ba ka gaisa da ɗan garin ko ɗaya ba sai mai karɓar kuɗi. A da in ka ɓata hanya dole ka tsaya ka yi sallama, matambayi ba ya ɓata, kuma daga tambayar hanya ake samun ruwan sha, daga ruwan sha a san sunan juna. Na lura kuma tsoron da muke ji yana ƙaruwa daidai gwargwadon yadda sanin juna yake raguwa. Garin da kake da aboki a cikinsa, in an ce ya rikice, waya za ka ɗauka ka ji gaskiyar abin da ke faruwa. Garin da ba ka san kowa ba, duk jita-jitar da aka turo maka a WhatsApp ita ce gaskiyarka. Dajin ma haka yake. Muddin mutanen kirki suna zuwa, ma'aikacin daji yana da dalilin fita sintiri, mai masa da mai tallan zuma a ƙauyen bakin hanya suna da dalilin son giwa ta rayu, ko da kuwa takan shiga gona ta yi musu ɓarna. Ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, mafarauta da masu saran itace da 'yan bindiga ne suke gaje wurin. Giwayen Yankari suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a ƙasar nan, kuma ba su da yawan da za a yi sakaci da su.

Muka kai tsakar dare muna gyara tsarin, taswira a hagu, waya a dama. Na gaya mata abin da Baba ya koya mini game da lokaci: magangarar ruwa damina take so, namun daji kuwa sai rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, sun taru a bakin Gaji, shi kuma hawan Mambila ba ya son titi mai santsi. Ba za ka sami ukun a cikakke a tafiya ɗaya ba. Muka tsayar da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da Assop bai janye ba tukuna kuma hanya ta bushe. Muka yi ƙa'ida cewa ba tafiyar dare, duk inda la'asar ta same mu nan za mu kwana. Kowace safiya kafin mu tashi za mu shiga tasha mu tambayi direbobin da suka iso daga inda muka nufa, don su suka fi kowa sanin halin hanya. In suka ce a dakata, za mu dakata, in suka ce a koma, za mu koma. Motar za ta kwana biyu a gareji kafin ranar, mahaifiyar Uwata kuma ta ce dambun nama yana wuyanta.

Sannan na ba ta fensir na ce ta rubuta mutane. Kawu ya rasu, amma 'ya'yansa suna Tudun Wada. Gidan Gwaggo yana nan a Bauchi, jikokinta ne a ciki. Abokin Baba na Jos shi ma ya riga mu gidan gaskiya, kuma rabon da mu ji daga gidansa an fi shekara ashirin, laifin kuwa namu ne duka. Uwata ta shiga Facebook da sunan gidansu, kafin mu kwanta ta gano babban ɗansa, wanda muka yi wasan ƙwallo da shi a tsakar gidansu. Da safe na kira shi. Da na faɗi sunan Baba sai ya yi shiru, sannan ya ce da Hausarsa ta Jos, "Ɗan'uwa, ina kuka shiga haka?" Ya ce ɗakin da muka kwana yana nan, in muka sauka a otal bai yafe ba.

Saura Gembu. Uwata ta ce wata ƙawarta da suka yi jami'a tare 'yar can ce, mahaifinta yana da gonar shayi da shanu a kusa da Nguroje, ta daɗe tana gayyatar ta. Ta ɗauki fensir, a ƙarƙashin "Wa?" ɗin kakanta, ta rubuta sunan ƙawar da ƙananan baƙaƙe don kada takardar ta yage.

Mai karatu, in Allah ya hore maka abin hawa da ɗan abin guzuri, kada ka bar 'ya'yanka su san ƙasarsu a hoto kaɗai. Yi tambaya, bi hanya da rana, ka guji inda masana hanya suka ce a guje wa, amma ka fita. Kafin ka lissafa kilomita, zauna ka lissafa mutanen da kake da su a kan hanyar, ka neme su tun yanzu, ka riƙe musu tsaraba komai ƙanƙantarta. Mu dai in Allah ya kai mu kaka, ranar wata Asabar bayan sallar asuba za mu tashi, kuma azahar a Tudun Wada za mu yi ta.